Ina Sayar wa Maƙwabta Wutar Sola, Kamfani Ya Ce In Daina

Tambaya: Barista, na kafa farantan sola a kasuwarmu, ina ba shagunan layinmu wuta suna biya duk wata. Kamfanin rarraba wuta ya aiko takarda wai in daina. Ba an ce harkar lantarki ta koma hannun jihohi ba?

Amsa: Alhaji, a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023, da Dokar Lantarki da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin shekarar, sun ba jihohi dama ne, ba duk mai faranti a kan rufi ba. Damar kuma ba ta fara aiki sai majalisar jiha ta yi doka, an kafa hukumar jiha, NERC, hukumar kula da lantarki ta tarayya, ta miƙa mata iko, kamar yadda aka yi wa Enugu, Ekiti da Ondo a 2024. In jiharku ba ta kai nan ba, har gobe NERC ke da kai. In ma ta kai, ubangida kawai ka sauya.

Wannan ba ya nufin kamfanin ne da gaskiya. Dokar tarayya ba ta neman lasisi ga mai samar da wutar da ba ta wuce megawat 1 a wuri guda ba, ko mai rarraba wadda ba ta wuce kilowat 100 ba. Da alama kana ƙasa da haka, amma ban ga takardunka ba, don haka kada ka ce lauya ya wanke ka. Abin da nake tsoro shi ne wayoyi. Idan ka bi ta turakun kamfanin, ko shagunan na da mitarsu da bashinsu, magana ta canza: ƙa'idar NERC ta 2023 kan ƙananan tashoshi na neman yarjejeniya tsakanin kamfani, mai tasha da jama'ar wurin.

(Da suna kawo wuta yadda ya kamata, da wuya wani ya zo wurinka. Sai dai wannan ba hujja ba ce gaban alƙali.)

Kada ka jefar da takardar. A mayar musu da amsa a rubuce, a tambaye su sashen da ka karya, a nemi zama tare da shugabannin kasuwa. Kotu za ta iya cinye kuɗin batura kafin a yanke hukunci. Kafin zaman, ka kai wa lauyanka ƙarfin na'urorin solarka, taswirar wayoyinka, da rasitin da kake ba masu shago.