Fatawa: Hukuncin Barin Yara Su Kalli Bidiyon Tsokana da Tsoratarwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, yarana uku, babban shekararsa 11, ƙaramar 6. Da sun dawo daga Islamiyya sai su karɓi wayata su buɗe YouTube, kuma abin da suka fi so shi ne bidiyon tsokana da ake ce wa firank. Wani zai naɗe jikinsa da farin ƙyalle kamar fatalwa ya fito wa masu wucewa, wani ya jefa macijin roba cikin adaidaita sahu mutane su watse, yaran su yi ta ƙyalƙyala dariya. Ni na ɗauka tunda babu tsiraici babu ashar, ba laifi. Sai makon jiya babban ya laɓe a bayan ƙofa da daddare ya daka wa kakarsa tsawa, ƙaninsa yana ɗauka da waya. Tsohuwa ta zube ƙasa, sai da aka yayyafa mata ruwa. Da na yi masa faɗa ya ce ai wasa ne, babansu kuma ya ce in ƙyale su, ƙuruciya ce. Mene ne hukuncin barin yara su kalli irin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ba tsohuwa lafiya, ya shirya miki zuriya.

'Yar'uwa, irin bidiyon da kika siffanta bai halatta a yi shi ba, kuma bai halatta iyaye su sakar wa yara shi ba. Ma'aunin da kika yi amfani da shi, na tsiraici da ashar, ma'auni ne mai kyau amma bai isa ba. A irin wannan bidiyo abin da za ki duba shi ne: da me aka sayo dariyar? Idan da firgicin wani bawan Allah aka saye ta, ko da ƙarya aka yi masa, ko da zubar masa da mutunci, to haramun ce ko da kowa a ciki ya rufe jikinsa har ƙasa.

Abin mamaki, wannan mas'ala kusan da siffarta ta faru a gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abu Dawud ya ruwaito daga Abdurrahman bin Abi Laila cewa sahabbai sun ba su labari suna cikin wata tafiya tare da Annabi, sai barci ya ɗauki ɗayansu. Wani ya lallaɓa ya ɗauke igiyar da ke tare da shi, mutumin ya farka a firgice. Sai Annabi ya ce: "Bai halatta ga Musulmi ya tsoratar da Musulmi ba." Ki duba da kyau. Igiya ce kawai. Ba a doke shi ba, ba a zage shi ba, abokan tafiyarsa ne, kuma babu wanda ya yi nufin sata. Duk da haka lafazin da ya fito daga bakin Annabi shi ne "bai halatta ba". To ina ga wanda ya naɗe da likkafani ya tare mace mai ciki a lungu? A wani hadisin na Abu Dawud da Tirmizi Annabi ya hana mutum ya ɗauki kayan ɗan'uwansa, da wasa ne ko da gaske. A Sahihu Muslim kuma ya ce wanda ya nuna ɗan'uwansa da makami mala'iku suna tsine masa, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Imam Nawawi ya bayyana cewa hanin ya haɗa da mai wasa. Saboda haka kalmar "ai wasa ne" da ɗanki ya kare kansa da ita, shari'a ta riga ta ji ta, kuma ta ƙi karɓa.

Sai ƙarya. Mafi yawan waɗannan bidiyoyi a kanta aka gina su: a kira mutum a ce masa shagonsa ya kama da wuta, ko miji ya miƙa wa matarsa takardar saki ta bogi don a ɗauki kukanta. Annabi ya ce: "Bone ya tabbata ga wanda yake ba da labari ya yi ƙarya don ya ba mutane dariya, bone gare shi, bone gare shi." Shi kuwa wasa da saki, ya ma fi ƙarfin barkwanci, domin a hadisi saki yana cikin abubuwa uku da gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne. Izgili kuma Allah ya hana shi a aya ta 11 cikin Suratul Hujurat, kuma waɗanda ake yi wa dariya a bidiyon nan galibi masu rauni ne: mai talla, dattijo, almajiri, ɗan dako, wanda ba zai iya kai ƙara ko'ina ba, aka kuma yaɗa fuskarsa duniya ba da izininsa ba.

Kada wani ya fahimci cewa Musulunci ya hana raha. Sahabbai sun ce wa Annabi: kana yi mana wasa. Ya ce: "Ni ba na faɗin komai sai gaskiya." Yakan tsokani ƙanin Anas, yaro ƙarami, ya tambaye shi labarin ɗan tsuntsunsa. Har ma akwai wasan da ya yi wanda ke da shammata a ciki. Zahir, wani baƙauye da Annabi yake ƙauna, yana sayar da kayansa a kasuwa, sai Annabi ya zo ta bayansa ya rungume shi. Ya ce: sake ni, wane ne wannan? Da ya waiga ya gane, sai ya riƙa manna bayansa a ƙirjin Annabi. Annabi ya ce: wa zai sayi wannan bawa? Zahir ya ce: ashe za ka same ni kayan da ba sa ciniki. Annabi ya ce: amma a wurin Allah kai mai tsada ne. Wanda aka tsokana shi ya fi kowa jin daɗi, ya koma gida da daraja fiye da wadda ya fito da ita. Masu kafa hujja da ƙissar sahabbai biyu, Nu'aiman da Suwaibiɗ, wadda ɗayansu ya sayar da ɗayan da wasa, su sani a isnadinta, wato jerin waɗanda suka ruwaito ta, akwai Zam'atu bin Salih, malaman hadisi sun raunana shi, ba za a ture ingantaccen hani da ita ba.

Mu ma ba baƙi ba ne a wajen wasa. Akwai wasan taubasai, akwai na jika da kaka, akwai na Fulani da Barebari, ga tashe da yara ke yi cikin azumi. Duk waɗannan kowa ya san wasa ake yi tun kafin a fara, kuma wanda aka tsokana yana da bakin ramawa. Jika ya ce wa kakarsa "matata" ta kore shi da muciya, wannan wasa ne. Ya firgita ta har ta zube, wannan cutarwa ce.

Wasu za su ce ai shiri ne, duk 'yan wasa ne, babu wanda aka tsorata da gaske. Sau da yawa haka ne, kuma wannan yana rage laifin cutar da wanda ke cikin bidiyon. Amma bai warware matsalar yaro ba. Ɗan shekara 6 ba ya bambance shiri da gaske, abin da ya gani shi ne an firgita mutum, an yi dariya, an yaba wa wanda ya yi. Shi kuma idan ya tashi gwadawa ba ɗan wasa zai samu ba, kakarsa zai samu. Na taɓa gani da idona a unguwarmu, yaro ya jefa wa wata mai ƙosai macijin roba tana gaban kasko. Ta zabura, zaninta ya ja kaskon, mai ya zubo mata a ƙafa. Abokansa da ke riƙe da waya suka arce. Makonni ta yi ba ta fito sana'a ba, kuma da wannan ƙosan take ciyar da marayu. Har yau idan na tuna ihun da ta yi sai raina ya ɓaci.

Su kansu masu manhajar sun ga illar. A watan Janairun 2019 YouTube ya tsaurara dokokinsa, ya hana tsokanar da ke sa mutum ya zaci rayuwarsa na cikin haɗari, da wadda ke jefa yaro cikin tashin hankali, kamar a ce masa mahaifinsa ya mutu. Kafin nan, a 2017, kotu a jihar Maryland ta Amurka ta hukunta wasu ma'aurata da suka yi suna da tsokanar 'ya'yansu har su yi kuka a gaban kyamara, aka kuma raba su da biyu daga cikin yaran. A 2021 a birnin Nashville na Amurka an harbe wani saurayi ɗan shekara 20 har lahira, ya tunkari mutane da wuƙa da sunan wasan fashi don ɗaukar bidiyo. A ƙasarmu kuwa, inda garkuwa da mutane ba labari ba ne, inda ihun "ɓarawo" ɗaya a kasuwa ya isa a kashe mutum kafin a tambayi sunansa, yaron da ya koyi wannan wasa yana wasa ne da ransa.

Ɗanki bai balaga ba, alƙalami bai hau kansa ba. Nauyin yana wuyanku ke da mahaifinsa, domin Annabi ya ce kowannenku makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ki isar wa maigida da wannan cikin ladabi, ki tuna masa wadda ta zube tsohuwa ce da Allah ya wajabta a girmama. Ba na cewa ki hana su waya gaba ɗaya. Bidiyon da aka shammaci mutum da kyauta, ko wasan dabara da babu tsoratarwa, babu ƙarya mai cutarwa, babu kiɗan banza ko shigar banza, ya halatta su kalla gwargwado. Amma ki fara kalla kafin su kalla, su kuma kalla a tsakar gida inda kike jin sauti. Ita manhajar da ke wayarki ta manya ce, dokar YouTube da TikTok ba ta yarda wanda bai kai shekara 13 ya buɗe shafin kansa ba, kuma kina gama bidiyo ɗaya za ta jawo wani da ya fi shi. Ki kashe wannan jawowar, ki toshe tashoshin da kika gane.

Shi kuma babban, ba duka yake buƙata ba. Ki zaunar da shi ki ba shi labarin sahabin nan mai igiya, ki sa ya goge bidiyon da hannunsa, idan an tura wa wani a nemi ya goge. Sannan shi da ƙaninsa da ya riƙe waya su je su durƙusa gaban kakarsu su nemi gafara. Idan tana fama da hawan jini ko ciwon zuciya, a kai ta asibiti a duba ta, kada a ce ai ta warware. Wallahu a'alam.