Me ya sa ba ma faɗa wa mai jira ko shi ne na nawa?

Ɗana, ka tambaye ni abu biyu. Idan mutum ya kira ya tarar ana kan waya, ya nemi a haɗa shi da zarar an gama, me ya sa mu masu tsara hanyoyin waya ba ma gaya masa ko shi ne na nawa a layin jira? Kuma me zai hana a sanar da kowa lokaci guda in wayar ta samu sarari?

Ta biyun ba ta da wuya. In mutum biyar na jira ka sanar da su tare, duk za su buga, ɗaya ya shiga, huɗu su sake cin karo da 486, lambar da ke nufin ana kan waya. Shi ya sa ƙa'idar RFC 6910 ta 2013, wadda ta tsara irin wannan jira a kiran waya ta intanet, ta ɗora aikin a kan mai tsaron layi, wato manhajar da ke kula da layin jira, a ɓangaren wanda ake kira. Na'urar mai kira ta aika saƙon SUBSCRIBE na neman shiga layi, mai tsaro ya maido saƙon sanarwa na NOTIFY ɗauke da "queued", wato an sa shi a layi. Wanda ake nema na ajiye waya, mutum ɗaya tak ake aika wa "ready", wato layi ya zo kansa, a ba shi daƙiƙa 10 zuwa 20 ya buga. In bai buga ba, a wuce ga wani.

Ta farkon ce nake so ka nutsu a kanta. Layin nan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mai jira shi ma yakan shiga wani kiran, sai na'urarsa ta aika saƙon PUBLISH ta ce a dakatar da shi, a tsallake shi har ya gama. Ka ga na uku zai iya riga na ɗaya. Ka faɗa masa lamba, ka yi masa alkawarin da ba a hannunka yake ba. Kuma duk motsin da layi ya yi sai ka aika wa kowa sabon saƙo.

Sannan akwai sirrin mutane, wanda ya fi damuna. Ɗan kasuwa zai iya shiga layin abokin gogayyarsa ya zauna yana ƙirga masu nemansa. Mai wayar bai ba mu izinin tona wannan ba.

Inda za ka sa ido sosai shi ne wa'adi. In ba a faɗi wani ba, wa'adin zama a layin jira daƙiƙa 3600 ne, wato awa ɗaya. Yana cika, ka aika NOTIFY na ƙarshe mai cewa an rufe, ka cire shi daga layi. Kada ka bar bawan Allah yana ta duba waya alhali tuni an goge sunansa.