Tayar gaban jirginmu na karkata: waya za ta iya auna ta?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. A Amurka nake zaune. Ni da abokina mun sayi ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu, RV-6A, wanda wani ya harhaɗa da hannunsa a gareji. Idan muna tafiya a ƙasa sai ya riƙa ja hagu, in mun sauka kuma tayar gaba ta kama rawa. Na sauke manhajar auna karkata a wayata. Za ta iya nuna mini ko saitin tayar ne ya goce?

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Wannan jirgi ba baƙo ba ne a gida: shi ne tushen Air Beetle, wanda aka harhaɗa a Kaduna don koyar da matuƙan sojan saman Najeriya.

Gaskiya waya ba za ta yi maka wannan aikin ba. Na'urar da ke cikinta nauyin da ke jan abu ƙasa take ji, don haka tana iya gaya maka taya ta kwanta gefe ko jirgi bai zauna daidai ba. Amma juyawar taya hagu ko dama, wannan ba ta ganinsa ko kaɗan. Kamfas ɗin wayar ne kawai ya san shiyya, shi kuwa da ka kai shi kusa da ƙarfen ƙafar jirgi da injin sai ya rikice. Ko karkatar ma sai da lura, domin tudun kyamara ba ya barin waya ta kwanta sosai. Ka cire rigarta, ka auna da gefenta, ka juya ta kai da gindi ka sake aunawa, sannan ka ɗauki tsakiyar lambobin biyu.

Abin da na fi so ka gane shi ne, tayar gaban RV-6A ba a ɗaure take da fedar matuƙi ba. Sakakkiya ce kamar tayar keken asibiti, tana bin inda jirgi ya nufa, da birkin hagu da na dama ake juya shi. Saboda haka jan hagun nan sau da yawa daga baya yake fitowa. Ku kashe inji, ku tura jirgin da hannu a kan shimfiɗaɗɗen daɓe. In ya karkace, ku ɗaga kowace tayar baya ku juya ta, ku ji ko birki na riƙewa, ku kuma gwada iskar tayoyin. In da hannu yana tafiya sak, sai an ba shi wuta yake ja hagu, to aikin farfela ne, kowane malamin tuƙi zai nuna maka maganinsa da taka fedar dama.

Don gane saiti, zare da alli sun fi waya. Ka saki zare mai ɗaure da ƙarfe, irin na magina, daga tsakiyar hanci da tsakiyar jela, ka yi ɗigo biyu a ƙasa, ka ja layi tsakaninsu, ka auna kowace taya daga layin.

Rawar kuwa ita ce ta fi damuna, don tana cin taya tana gajiyar da ƙarfe. A ƙasan ƙafar tayar gaba akwai noti da ke matse wasu washoshi masu lanƙwasa, su ne ke hana tayar yin sakwa-sakwa. Wani ya danne jela har tayar ta bar ƙasa, ka maƙala sikelin rataye a gatarinta ka ja gefe, ka ga inda allura ta kai kafin ta motsa. Abin da aka saba bayarwa ga wannan jirgi laba 22 ne, kusan kilo 10, amma ka tabbatar a littafin jirginku. In ya yi ƙasa, rawa. In ya yi yawa, tayar na iya maƙalewa a karkace bayan an tashi. Ka duba boris ma, da ko nauyin tayar ya daidaita.

Inda waya za ta taimake ku sosai shi ne kyamara. Wani ya tsaya can gefe, nesa da farfela, ya ɗauki saukar da bidiyo mai jan lokaci, hoto 240 a daƙiƙa. Nan za ku bambance ko tayar gaban ce ke kaɗawa hagu da dama, ko ƙafar ce ke tsalle gaba da baya, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Don Allah ku kai wa bakanike mai lasisin jirgi bidiyon nan kafin ku sake tashi.