Amsa ga Yayana na Katsina, kan na'urar da ke ɗaure a motona

Yaya, saƙonka ya iso. Ka ga hoton da na turo, na'urar GPS a ɗaure a kan moto, wato babur, taswira a naɗe cikin leda, sai ka ce zaman Yamai ya mayar da mu 'ya'yan Faransa, wai Bahaushen ƙwarai bakinsa ne taswirarsa. Matambayi ba ya ɓata, gaskiyarka. Amma sai in akwai wanda za a tambaya.

Aikina duba rijiyoyin burtsatse ne, waɗanda a nan muke kira foraj. Daga Yamai zuwa Balleyara har Filinge babbar hanya ce, ba mai ɓata. Wahala tana farawa in na haura daga kwarin Dallol Bosso na hau fako, inda sawun amalanke ke rabuwa gida biyar cikin geza da sabara, ka yi tafiyar awa guda ba ka ga ko ɗan kiwo ba. Waya kuma babu rezo, abin da kuke cewa sabis. Ita na'urar nan, ƙirar Garmin, ba ruwanta da rezo, daga taurarin ɗan'adam take karɓar saƙo, in ta kama huɗu za ta nuna maka inda kake tsaye. Ƙananan batura biyu take ci. Kowace rijiya na je sai in ajiye alamarta, sawun da na bi kuma tana riƙe da shi, ko hazo ya rufe gari zan koma ta inda na fito.

Sai dai kibiyar da ke fuskar na'urar miƙe take nunawa, ba ta san kwari ba, ba ta san dutse ba. Shi ya sa ban rabu da takarda ba. Tsohuwar taswira ce, santimita ɗaya kilomita biyu a ƙasa, sunayen garuruwa da rubutun Faransanci, wasu ƙauyukan ma an kafa su bayan an zana ta. Amma tana buɗe mini ƙasar gaba ɗaya a kan tankin moto, in ga inda korama ta ratsa tun ban isa ba.

Wata damina na bi kibiya har bakin wata korama da ta cika ta batse. Na'ura na cewa saura kilomita uku. Wani dattijo Bazabarme da ke noma a gefe, na yi masa fofo, na gaishe shi da harshensa yadda ya kamata. Ya ajiye hauya, ya kai ni mashigin da ƙasansa tsakuwa ce, ya kama mini bayan moton muka tura tare, ruwa har gwiwa.

Zabarmancin da na gaishe shi da shi kuwa, a ɗakina na koya, wurin matar da har yau kake kira "Bazabarmar nan". Shekara 14 ke nan, Yaya, da 'ya'ya huɗu tsakaninmu. Ita ta yi jinyar Inna har Allah ya karɓi abinsa. Yaranmu suna gaishe ni a durƙushe da Hausa, su yi wa kakarsu ta wajen uwa Zabarmanci, a lekol, wato makaranta, su yi Faransanci. Kuna dariya in mun ce moto ko esansi, ku da kuke cewa babur da fetur. Wanne ne a ciki kakanninmu suka sani?

Kakanmu da goro ya baro Katsina ya sauka unguwar Zongo a nan Yamai. Baba in zai kwatanta hanya da yatsa yake zana ta a ƙasa, yana lissafa rijiyoyi da sunan mai garin kowane zango. Ranar da na fara shimfiɗa masa taswirar nan bai raina ta ba. Ya sa tabarau, ya ce in karanto masa sunayen, yana gyara mini su ɗaya bayan ɗaya yadda masu garin ke faɗa. Gyaran nasa yana nan da fensir a gefen takardar.

Yanzu fitar ma ta ragu. A farkon 2020 aka hana hawan moto a sassan jihar Tilaberi saboda rashin tsaro, kuma akwai rijiyoyin da alamarsu ke cikin na'urata da na daɗe ban taka ba.

Kai kuwa tun rasuwar Baba ba ka leƙo mu ba. Jibiya, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Dosso, sai Yamai, hanya ɗaya ce. Ka sa rana, ɗakin baƙi na nan, yara kuma suna ta tambayata yaushe Baba na Katsina zai zo.