Ya bar aiki, amma saƙonni na ta shigowa akwatinsa

Tambaya: Salam Malam. Ina kula da kwamfutocin wani shagon kayan gini a Wunti, Bauchi. Akawunmu ya ajiye aiki wata biyu ke nan, na canja faswod ɗinsa amma imel sai shigowa yake, oga na ta faɗa. Ya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ai canja faswod shi kaɗai ka hana shiga, saƙo kam ba ruwansa, zai ci gaba da zubowa. In cPanel (shafin da ake sarrafa akwatunan imel da shafin intanet na kamfani) kuke amfani da shi, buɗe saitin akwatin nasa, akwai wajen dakatar da karɓar saƙo, danna shi kawai. In Postfix ne (manhajar sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓa da aika saƙonni), sa adireshin a jerin waɗanda sabar za ta ƙi karɓa, mai aikowa sai saƙonsa ya dawo masa, ya san babu mutumin.

Amma ni fa da ni ne ba zan rufe yau ba, akawu ne, ƙila dilolin siminti na Kano har yanzu can suke turo rasit, gara ka juya saƙonnin zuwa akwatin oga na wata ɗaya tukuna. Kuma kar ka goge akwatin sai ka kwafe tsofaffin saƙonnin a filash.