Wai dukan siniya al'ada ce? Ga amsata 'yata

Wa'alaikumus salam 'yata. Tun jiya bayan isha'i na ga saƙonki, ban amsa ba ne don maganar ba ta tsaye ba ce. Kin ce Abba ya dawo hutu ya rame, ba ya son magana, garin kwaki da suga da madarar da kika haɗa masa ko sati ba su yi ba siniyoyi suka kwashe, ga shatar bel a bayansa, da kika yi wa babansa magana ya ce ki ƙyale haka kowa ya sha, namiji ba ya kai ƙara, wai al'ada ce. Shi ne kike tambayata ko da gaske haka muka gada.

To ni dai na shiga fom wan a 1974, shekara biyu kafin Obasanjo ya buɗe UPE, shirin nan na ilimin firamare kyauta, kuma wallahi na sha. Ɗibar ruwan wankan siniya da asuba cikin hunturu, wanki, guga da dutsen gawayi, yankan ciyawa da langalanga har hannu ya yi kanta, tsallen kwaɗo kuwa ba a magana. Abin da ban taɓa faɗa muku ba shi ne da na kai fom fayif ni ma na rama a kan na ƙasa da ni, akwai wani yaro siriri da na takura wa har ya tafi hutu bai dawo ba, yau shekara kusan 50 in na tuna shi sai na yi istigfari. Don haka mijinki bai yi ƙarya ba da ya ce mun sha, inda ya kauce shi ne da ya kira abin al'ada.

Firifet da kyaftin da siniya da juniya duk Turawa suka zo mana da su daga makarantun kwana na Ingila, suka dasa a makarantu irin su Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta koma Kaduna sannan Zariya ta zama Barewa, sauran makarantu suka kwaikwaya. Ko sunayen ma kin ji ba namu ba ne. Ban ce mu ba mu da namu laifin ba fa, a tsangaya ma gardi na zane kolo, kuma an sha cewa inda bulalar malam ta taɓa wuta ba ta ci. Amma a gidan Bahaushe girma ba haka yake ba. Eh yaya zai aike ka, ba ka isa ka kira sunansa gatsal ba, ba ka kai hannu ga nama kafin shi in ana ci a kwano ɗaya, amma shi ɗin ne zai fara tsame hannu ya bar wa ƙarami suɗi, in faɗa ya tashi a dandali shi zai shiga gabanka ya sha dukan. Babba juji ne aka ce, shara ake zuba masa, ba shi ke zuba wa yara ba. Kuma hadisin da aka karantar da ku a Islamiyya, na cewa ba ya cikinmu wanda bai tausaya wa ƙaraminmu ba bai san haƙƙin babbanmu ba, kin ga ai da tausayin aka fara. Siniyan da ya cinye guzurin yaro ɗan shekara 12 ya kuma zane shi, wane ɓangaren ya riƙe a ciki?

Inda abin ya fi damuna ma ba makarantar ba ce, gidanku ne, kar ki ji haushi. Abba ɗan fari ne, ke ba kya faɗin sunansa, babansa ba ya sake masa fuska, duk kunya ce kuma ban hana ba. Gaskiya ne a da yaro ba ya zama gaban ubansa ya ce ana cutata. Amma a da ɗan fari ma ba kasafai yake tashi a hannun iyayensa ba, daga yaye kaka ke ɗauke shi, kuma gidan cike yake, ga kaka da zai tsokana ya faɗa mata komai cikin wasa, ga gwaggo, ga kawu, ga taubashi. Ni kaina da abu ya dame ni Inna tsohuwa nake raɗa wa tana kaɗi, washegari sai in ji Malam babana ya san zancen ba tare da na buɗe baki a gabansa ba. Yanzu ku huɗu ne cikin gida mai get, ba kaka ba gwaggo, maƙwabci ma sai a yi wata ba a gaisa ba, kun riƙe kunyar kun toshe duk ƙofofin da take tafiya da su. To yaron nan ya faɗa wa wa? Shi ya sa kuke ganinsu manne da waya kuna cewa yaran zamani ba sa ji.

Kuma babansa ya daina auna zamaninsa da na yaron. Mu namu dukan a hostel yake ƙarewa, su kuwa a ɗauke ka a bidiyo ana marinka a watsa a WhatsApp da TikTok, ai kin tuna na yarinyar nan ta wata makarantar kuɗi a Abuja a watan Afrilun 2024 da duk ƙasar nan ta kalla. Ga ɗalibai sun yi wa malamai yawa, ga ƙwaya ta shigo. A 2025 a makarantar kwana ta Bichi ɗalibai biyu aka rasa a hannun 'yan uwansu ɗalibai da sunan horo, su ma iyayensu da rai suka kai su. Jihar Kano ma tun 2023 ta sa hannu a dokar kare haƙƙin yara, wanda ya ji wa ɗan wani rauni ba zai fake da siniyoriti ba.

Yanzu dai kar ki tsare shi da tambaya, zai ƙara rufe baki ne don tsoron a ce masa ɗan kai ƙara in an koma. Kar kuma ki ja da mijinki a gaban yara, ki bar min shi, ni zan yi masa magana, in an koma hutu tare za mu je wajen firinsifal da hausmasta a keɓe ba a gaban asambile ba. In ba su ɗauki mataki ba a mayar da shi jeka-ka-dawo, ba a kansa aka fara ba.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan biyo da hantsi, ki ce wa abokin nawa ya shirya zai raka ni gona ya kwana biyu wajen Hajiya, ita ta san yadda za ta ji cikinsa. Ki yi min dambu, kar a cika yaji.