Taswirar Hamada Daga Bakin Rijiya Take Farawa

Ɗana, jiya da la'asar muna naɗe takardu ka yi mini tambaya, baƙi suka shigo ban samu na amsa maka ba. Cewa ka yi: "Maigida, ga hoton tauraron ɗan Adam a kwamfuta, ga GPS a hannu, me ya sa a wannan aiki na taswirar arewa kake ta aikena tasha da kasuwar raƙuma in zauna da direbobi da tsofaffi? Ina ruwan mai awon ƙasa da tarihi da ciniki da zancen ƴan fashi?" Na ji daɗin tambayar, don ni ma na taɓa yi wa maigidana irinta.

Fara da layin da ka fi sani, iyakarmu ta Nijar da Najeriya. A 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Paris, suka kafa tsinke a kan Sakkwato, suka zana baka mai nisan mil 100, aka ce abin da ke ciki na Ingila ne. A takarda abin ya yi kyau. Da Faransawa suka kama Damagaram a 1899, suka zo neman hanyar da za ta haɗa su da kogin Kwara, sai suka tarar rabonsu ya bi ta inda rijiyoyi suka yi ƙaranci, ayari ba ya wucewa sai da wahala. Dole aka koma teburi a 1904, aka sake komawa a 1906, aka sauko da layin kudu. Bayan nan ne Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi ƙasa da ƙafa suna kafa alamun iyaka, guda 148. Ka ga ke nan ƙishirwa ce ta lanƙwasa layin nan da kake kwafa kullum. Garin nan namu na Damagaram ma, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa aka ɗauke masa babban birni zuwa Yamai a 1926. Wanda bai san wannan ba zai zana layin daidai, amma in aka tambaye shi me ya sa ya karkata a nan, sai ya yi shiru.

Bari in faɗa maka abin da ya same ni, don kada ya same ka. Ina saurayi, muka fita aiki arewa da Tasker, wajen duwatsun Tarmit. Tsohuwar taswirar Faransawa ce a hannuna, wadda santimita ɗaya ke wakiltar kilomita biyu, ga ɗigon shuɗi an rubuta rijiya. Wani dattijo Batube da ke mana jagora ya ce mu cika jarkoki tun a nan. Na nuna masa takarda, na ce ai akwai ruwa a gaba. Bai yi musu ba, ya dai cika salkarsa. Muka isa da azahar. Rijiyar na nan inda aka zana ta, ko taku ɗaya ba a kuskure ba, sai dai ta rufta. Dattijon ya tsuguna, ya ɗauki kashin raƙumi ya murje shi a tafin hannu, ya zama gari, ya nuna mini itacen bakin rijiyar: gurbin da igiyar guga ta ci ya cika da rairayi. Ya ce an yi damina uku ba a sha a nan ba. Salkarsa ce ta kai mu rijiya ta gaba. Tun ranar ban ƙara sa ɗigon shuɗi a takarda ba sai da kwanan wata a gefensa.

Shi ya sa na ce rijiya ba ɗigo ba ce kawai. In ka isa bakinta, na'ura ta ba ka lambobi, aiki bai ma fara ba. Tambayi zurfinta gaba nawa ne, ka kuma ƙirga igiyar da hannunka. Ɗanɗana ruwan, ka ji ko na daɗi ne ko mai kanwa. Takan kai bazara, ko tana ƙafewa da an fita sanyi? Wa ya haƙa ta, wa ke da ikon shayarwa da farko? Wannan ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, don a can rijiya tana da mai ita, ko Batube, ko Buzu, ko Bafillace, ko Balarabe, kuma rigingimu da yawa da za ka ji an kira su na ƙabilanci, in ka bi sawunsu a bakin guga suka tashi. Nisa ma rubuta shi iri biyu: kilomita don mutanen ofis, da kwana nawa a raƙumi ko awa nawa a mota don mai tafiya. Kilomita 50 a kan tsandauri da kilomita 50 cikin tudun rairayi ba tafiya ɗaya ba ce.

Batun ciniki kuwa, shi ke shimfiɗa hanya, shi ke kashe ta. Unguwar Zango da muke zaune ayarin Tarabulus da Gat da Abzin ne suka raya ta, suna sauka nan kafin su wuce Kano da kaya, su komo da fatu da gashin jimina. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka juya zuwa teku, wannan hanya ta yi sanyi. Amma ta gishiri ba ta mutu ba: har yau ayari na tashi daga Abzin bayan damina, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma da gero, ya komo da kantu da dabino, ya gangaro Damargu da Damagaram. Sai kuma sababbi. Man Agadem ya kawo bututu mai fiye da kilomita 400 zuwa matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 a kan hanyar Tanut. Zinariyar Jado ta bayyana a 2014, cikin ƴan watanni wurin da ba kowa ya cika da bukkoki da masu sayar da ruwa da mai, aka rufe ta a 2017. A kudu, lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, da lokacin takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar a 2023, shingen iyaka na Ɗan Barto ya yi tsit, amma je ka dubi ɓarauniyar hanya ta babura tsakanin gonaki, sai ka ga ta yi faɗi kamar titi. Hoton sama zai nuna maka sawun taya. Ba zai faɗa maka ko na bara ne ko na jiya ba, balle abin da aka ɗauko.

Akwai wani layin da ba na son ka manta, na dokar 1961 da ta ƙayyade iyakar noma ta arewa, aka bar abin da ke bayanta ga makiyaya. Gonaki sun daɗe da tsallake shi. In za ka zana burtali, zana inda doka ta ajiye shi da inda dabbobi ke bi a yau, ka bambanta su da launi, kada ka zaɓi ɗaya ka ɓoye ɗaya.

Tsaro shi ne sashen da nake rubutawa da fensir, don ya fi kowane saurin canzawa. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada bayan Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, galibi mata da yara, da yawansu ƴan yankin Kance ne, nan ƙofarmu. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Da aka kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, direbobin hanyar Dirku da Libiya suka riƙa kauce wa sanannun rijiyoyi don gudun jami'ai, suna yanke sababbin hanyoyi inda ba ruwa, har aka soke dokar a ƙarshen 2023. Duk sanda na ɗora fensir a kan wannan yanki, mutanen nan nake tunawa.

Kuma ka riƙe wannan da kyau: ba duk abin da kunnenka ya ji ke hawa takarda ba. Makiyayin da ya nuna maka kwarin da yake ɓoye dabbobinsa in ƴan fashi sun taso, amana ya ba ka. In ka buga shi, ba ka san hannun da taswirar za ta faɗa ba. Haka wurin sojoji, ba a aunawa, ba a ɗaukar hoto. Kada ka fita ba takardar izini a aljihu, kada ka fiddo na'ura a wani gari kafin ka gaida mai gari da jandarmomi, kuma inda jagora ya ce a bi sawun motar gaba kada a kauce, ka bi, don akwai wuraren da aka binne nakiya tun zamanin tawaye.

Gobe da safe bar kwamfutar a rufe. Ɗauki littafinka ka tafi tashar Agadas, ka nemi direbobin da suka sauko cikin makon nan. Sayi ganyen shayi da sukari ka kai musu, ka zauna, kada ka fiddo alƙalami sai an zuba kofi na biyu. Tambaye su inda suka sha ruwa daga Tanut zuwa Adarbisanat, da shinge nawa suka tarar, da inda kwalta ta mutu. Abin da mutum biyu suka faɗa iri ɗaya ka ja masa layi, wanda suka saɓa ka kawo mini bayan azahar mu duba tare.